Indiya ta fara gininta daga rufi

Da an ambaci Sundar Pichai, shugaban Google, sai ka ji ana cewa ai babu ilimi kamar na Indiya. Hakane, a cibiyar fasaha ta IIT Kharagpur ya yi digirinsa na farko, makarantar da gwamnatin Nehru, firayim ministan Indiya na farko, ta buɗe a 1951. Amma a ina yake aiki? A Amurka. Talakan Indiya ya biya kuɗin horonsa, wasu na cin moriyarsa.

Nehru ya zuba kuɗi a manyan cibiyoyin fasaha na 'yan tsiraru masu ƙwaƙwalwa, firamare kuwa aka bar ta a baya. Sai a 2009 Indiya ta yi dokar da ta wajabta karatun yara masu shekara 6 zuwa 14 kyauta. Sin ta yi tata dokar karatun dole na shekara 9 tun 1986, sannan ta juya kan jami'o'i da shirye-shiryen bunƙasa su, wato shirin 211 a 1995 da shirin 985 a 1998. Sakamakon bai ɓuya ba. Rahotannin binciken karatun yara na ASER, na ƙungiyar Pratham, sun daɗe suna nuna kusan rabin 'yan aji biyar a karkarar Indiya ba sa iya karanta littafin aji biyu.

Kuɗin bincike ma haka. Sin na kashe sama da kashi 2.5 cikin 100 na tattalin arzikinta a kai, mafi yawansa daga kamfanoni. Indiya ba ta kai kashi 1 ba, kuma gwamnati ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Kamfani kuwa ba ya zuba kuɗi a bincike sai yana da injiniyoyi da ma'aikatan da suka iya karatu a masana'antarsa.

Kada a ce na raina Indiya. Hukumarta ta binciken sararin samaniya, ISRO, ta saukar da kumbon Chandrayaan-3 kusa da ƙarshen kudancin wata a Agustan 2023, da ɗan kuɗin da ya ba duniya mamaki. Sin ma ba aljanna ba ce: jarrabawar shiga jami'a ta gaokao, da ɗalibai fiye da miliyan 13 suka yi wa rajista a 2024, na cinye ƙuruciyarsu, tsarin rajistar mazauni na hukou kuma na hana ɗan ma'aikacin da ya zo daga ƙauye samun makarantar birni cikin sauƙi. Malamin jami'a a Beijing bai isa ya soki jam'iyyar kwaminis mai mulki a fili ba.

Duk da haka, in aka ce in zaɓa wa ɗan manomi ƙasar da zai shiga aji ɗaya, Sin zan zaɓa ba tare da dogon tunani ba.