Fiya wata ba ya tada zuciyar da ta tsaya

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake kan dattijon nan da ya yanke jiki ya faɗi a tashar mota nan Gusau, na san duk kun ga bidiyon. Jama'a sun yi mishi rumfa, wani na fifita da kwali, wani ya fasa fiya wata yana watsa mishi a fuska, wani na neman cokali wai kada ya ciji harshe, saura sun ɗaga waya suna ɗauka. Babu wanda ya durƙusa ya danna mishi ƙirji. Ko mutum guda!

Bayin Allah, mutum in ya faɗi ka girgiza shi ka kira shi bai motsa ba, kuma babu numfashi ko sai wani kakari da yake ja jefi-jefi, to ka ɗauka zuciya ce ta tsaya. Wanga kakarin ma da muke cewa "ai yana numfashi" ba numfashi ba ne. Cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ke fara lalacewa in jini bai kai mata ba, kafin a tare keke napep a kai asibiti lokaci ya ƙure.

Abin fa hannu biyu ne kawai. A kwantar da shi rigingine bisa ƙasa mai tauri, ka nuna mutum guda ka ce kai, kira 112, lambar agajin gaggawa, ko ka samo mota. Ka aza gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinshi, ɗaya hannun a bisa, hannuwa a miƙe, ka danna da nauyin jikinka ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan biyu duk daƙiƙa, kana barin ƙirjin ya taso bayan kowace dannawa. In ka gaji wani ya amsa, kamar duk minti 2, kada dai a daina sai ya motsa ko ma'aikatan lafiya sun karɓa. Ba dole sai ka hura mishi iska a baki ba. Danna kawai.

Wai za a karya mishi haƙarƙari. Ya karye ɗin mana, ƙashi na warkewa. Wai ajali ne. Na yarda, amma kai ka san ranar ajalin wani? Manzon Allah (SAW) cewa ya yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Masu tsoron 'yan sanda kuwa, bidiyon da kuke ɗauka ai shi ne shaidar cewa taimako kuka yi. Ku danna ƙirji.

Ku 'yan gidan kallon ƙwallo kun ga Christian Eriksen a 2021, wasan Denmark da Finland, ya faɗi zuciya ta tsaya, nan cikin fili aka yi ta danna mishi ƙirji aka ba shi shokin da na'ura, ya tashi har ya buga wa Manchester United. Namu Samuel Okwaraji a 1989 ya faɗi a filin wasa na Legas, bai tashi ba.

Kuma don girman Allah masu shafukan da ke ta yaɗa bidiyon nan ku goge shi. Bawan Allahn nan yana da iyali, hularshi ta faɗi gefe ana tattaka ta, kuna ta turawa guruf-guruf har da sa mishi waƙa.