Irin kaka bai san wannan zafin ba

Ku daina turo min bidiyon nan haka, na gani. Na kalla har ƙarshe, har wurin da aka yi masa tafi. Mutum yana zaune a ɗaki mai na'urar sanyi yana faɗa wa duniya wai aikin inganta iri yaudara ce, manomi ya koma ga irin kakanninsa ya huta. Sannu da ƙoƙari, malam. Allah Ya ƙara ilimi.

Irin kaka nagari ne, ba mai musu. Amma da wane yanayi ya saba? Da ruwan zamanin kaka da zafin zamanin kaka. Wannan yanayin ya wuce. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi da aka taɓa aunawa, wajen digiri 1.5 sama da yadda duniya take kafin zamanin masana'antu. Irin kaka bai san wannan zafin ba.

Kuma shuka ba ta sauraron jawabi. Idan zafi ya haura digiri 35 a ranakun da shinkafa ke fure, bununinta lalacewa yake yi, ka ga zangarniya tsaye gwanin sha'awa, ka murza ka ji ba ƙwaya. Masara ma haka, zafi ya buge ta lokacin goyo sai ka ɓare ka tarar da totuwa mai giɓi. A cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin an gano tun 2004 cewa ƙarin digiri ɗaya a zafin dare kawai yana cin kusan kashi 10 cikin 100 na amfanin. Dare fa, lokacin da mai bidiyo ke barci. A Maris na 2022 zafi ya sauka wa alkamar Indiya tana tsaka da cika ƙwaya, ƙwayar ta motse, kafin Mayu ya ƙare gwamnati ta hana fitar da alkama waje. Su ma irin kaka za ka tura musu?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne lokaci. Fitar da sabon iri ɗaya, daga barbara zuwa zaɓe zuwa gwaji a gonaki, yakan ci shekara goma ko fiye. Kafin ya yaɗu a hannun manoma, wasu shekarun ne. Ma'ana wanda ya haɗa iri bana, zafin shekara goma sha biyar masu zuwa yake yi wa tanadi, zafin da ko shi bai taɓa ji ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk shekarar da aka ɓata ana wannan surutu, daga cikin abincin 'ya'yanmu aka cire ta.

Na san za a cika min ƙasan rubutun nan da "GMO ne, GMO ne", wato irin da aka sauya wa ƙwayoyin halitta a ɗakin bincike. Ku huta. Shinkafar Swarna-Sub1 da aka saki a Indiya a 2009, mai iya yin kusan sati biyu a nutse cikin ambaliya ta tashi, ba GMO ba ce. Barbara aka yi. Kuma kun san daga ina aka samo halin juriyar? Daga wani tsohon irin manoman jihar Odisha ta Indiya. Irin kaka! Shi ba ya ba da amfani mai yawa, ita shinkafar Swarna ta asali ba ta jure ambaliya, aka aurar da su. Masu cewa kamfanoni za su mallake iri kuma, wannan faɗan wata rana ne, kar a kawo min shi nan.

Tsakani da Allah, ni ina girmama kakannin nan fiye da mai bidiyo. Wanda ya tsaya a gona bayan girbi yana ware zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don baɗi, me yake yi in ba inganta iri ba? Dubban shekaru suna haka, har masara ta fito daga wata ciyawa a Meziko. Ba su taɓa cewa iri ya gama gyaruwa ba. Sai dai su yanayi ya ba su lokaci, mu kuwa bai ba mu ba.