Littafi a Waya, Kututture a Gona: Nasiha ga Matasa Masu Karatun Sauyin Yanayi

Assalamu alaikum 'yan uwa matasa, musamman ku da kuka cika wayoyinku da littattafan sauyin yanayi da ɓacewar namun daji. Allah ya ƙara basira. Sai dai akwai gyara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Da yawanku kun haddace cewa iskar kabon da ke sama ta tashi daga kusan 280 cikin miliyan kafin zuwan masana'antu zuwa sama da 420 a yau, kun san yarjejeniyar Paris ta 2015 da maganar hana ɗumamar duniya wuce digiri 1.5. Amma a tambaye ku yaushe rabonku da ganin ungulu a mahautar garinku, sai ku kama sosa ƙeya. Iyayenmu na cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Yau a garuruwa da dama babu ungulun, tsamiyar ma ta tafi gawayi.

Kafin ku buɗe babin farko na kowane littafi, ku duba shekarar da aka buga shi. Alƙaluman wannan fanni suna tsufa da wuri. Littafin da ya fito a 2010 zai gaya muku mariri, wata dabbar hamada mai kama da barewa mai dogayen ƙahoni, ya ƙare a daji, kuma bai yi ƙarya ba, domin haka aka ayyana a 2000. Amma a 2016 an fara mayar da shi dajin Ouadi Rimé da ke Chadi daga garken da aka kiwata a tsare, ya hayayyafa, har a 2023 aka cire shi daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Raƙuman dawa na Kouré, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, yanzu sun haura 600. Mai riƙe da tsohon bugu sai ya yi ta zaman makokin wanda ke raye.

Haka maganar Tafkin Chadi. Kusan kowane littafi na maimaita cewa ya ragu da kashi 90 cikin 100. Wannan lissafin tsakanin shekarun 1960 ne da farin shekarun 1980. Tafkin ba shi da zurfi, yawancin ruwansa kuma daga kogin Chari yake zuwa, shi ya sa faɗinsa ke hawa da sauka da damina, kuma ruwa ya dawo wasu sassansa tun shekarun 1990. Idan marubuci ya ba ku adadi bai faɗi daga wace shekara zuwa wace shekara ba, ku ajiye adadin gefe. Kuma zafin sati guda ko ambaliyar shekara guda ba su isa hujjar sauyin yanayi ba, masana da ma'aunin shekara 30 suke aiki.

Littafi mai amfani shi ne wanda zai tashe ku daga tabarma. Masaniyar halittu Rachel Carson ta fitar da littafinta Silent Spring a Amurka a 1962, ta kafa hujja da tsuntsayen da mutane ke tsinta matattu bayan feshin maganin ƙwari, shekara 10 bayan nan aka hana amfani da maganin ƙwari na DDT a gonakin ƙasar. Namu tsuntsun da ke mutuwa ita ce ungulu, kuma tun 2015 tana cikin jerin masu dab da ƙarewa. Ƙwai ɗaya take yi a shekara. Makiyayi ya barbaɗa maganin ƙwari a mushe don kashe kura ko karnukan da suka dame shi, ungulaye da dama su sauka a kai su mutu rana guda, a yi asarar da shekaru ba za su mayar ba. Ga kuma masu sayen kanta da ƙafarta don tsubbu. Idan kun tarar da mushe da matattun tsuntsaye kewaye da shi, kada ku taɓa da hannu, a binne shi da zurfi ko a ƙone, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya, wato dashen itace. An karanta cewa itace na maganin hamada, sai a haɗa ƙungiya, a ɗinka riguna, a dasa dubu a ƙarshen watan Agusta, a ɗauki hoto. Watan Afrilu na zuwa ba ko ɗaya. Dalilan a fili suke. Dashen ƙarshen damina bai samu ruwan da saiwa za ta kama ƙasa ba kafin hunturu. Wasu da ledarsu suke binne shi. Wasu kuma dashen ya daɗe a leda har uwar saiwa ta naɗe kamar gammo, ba za ta ƙara nutsawa ƙasa ba. Sauran kuma akuya ta gama da su. In dai dole sai kun dasa, ku yi shi da zarar damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. Rami ya kai santimita 40 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da taki wanda ya ruɓe, domin ɗanyen kashin shanu yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara. A yanke gindin ledar da reza, a tsaga gefenta, a zare ta ba tare da curin ƙasar ya fashe ba. A kewaye da ƙayar magarya ko aduwa, a kuma san sunan wanda zai ba shi ruwa sau 2 a mako har rani ya fita. Guda 20 da ke da mai kula sun fi dubun da ba su da uba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya rataya ladan sadaka ne a kan abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen, to me za a ci a jikin wanda ya bushe a wata 3?

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, kuma a ƙasar Hausa ta yi suna. A Maradi, a 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa duk shekara tohon manyan itatuwa ne da saiwarsu ke raye a ƙasa. Manoma suka kira abin sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta an raya itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, yawancinsu a Maradi da Damagaram, ba tare da leda ko ban ruwa ba.

Ga yadda ake yi. Lokacin sharar gona, ku bi kututturan kalgo, sabara, magarya, aduwa da gawo. A kowane gindi ku zaɓi toho 3 zuwa 5 mafi tsayi da miƙewa, ku cire sauran. Wuƙa ko adda ta kasance mai kaifi, sara kuma daga ƙasa zuwa sama, domin saran sama zuwa ƙasa yana ɓare ɓawo ya bar ƙofa ga ƙwari. A waɗanda kuka bari, ku datse rassan gefe zuwa rabin tsayin sandar kawai. Wanda ya aske ta har sama ya bar mata ɗan tuntu, iska za ta karya ta ko akuya ta tanƙwaro ta. Ku ɗaura jan ƙyalle don mai neman itacen girki ya san da mai shi, sannan ku koma duk bayan wata 2 zuwa 6 ku cire sabon tohon da ya fito. Abin da kuka datse itacen wuta ne da abincin dabbobi. Duk shekara ana iya sare sanda ɗaya a bar wata ta maye gurbinta, har a tsayar da guda ta zama itace.

Dattijo zai ce muku inuwa na hana gero. Kada ku yi masa gardama da littafi, ku nuna masa gawo. Shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma kiwo. Shi kansa dattijon ya san geron gindin gawo ya fi zangarniya. Ku fara da kusurwa ɗaya ta gonar, da izininsa.

Abin da ya fi kashe wannan aiki shi ne saran dare da kiwon sake, kuma ƙyalle kaɗai ba ya hana su. Sai an zauna da mai gari da arɗo da matan da ke shiga daji neman itace, a yi yarjejeniyar inda za a sara da inda ba za a taɓa ba, da tarar wanda ya saɓa. Ku sayi littafin rubutu mai shafi 40, ku rubuta sunan kowane gindi da tsayinsa da ranar da kuka gyara shi. Ƙirga ta gaskiya a watan Mayu ake yin ta, kafin ruwan farko ya sauka.