Fitilar Alhaji da tsohuwar sauro

Masu sayar da kayan wuta su yi mini haƙuri, yau da hajarsu na tashi.

Tun da damina ta zauna a Yamai, fada ko shago da wuya ka leƙa ba ka ga fitilar nan mai ruwan shuni a rataye ba, wadda ƙwaro ke faɗawa ka ji ƙas! Alhaji maƙwabcinmu a Bukoki ya sayo tasa ya rataye a ƙofar gida. In muna shayi aka ji ƙarar, sai ya ɗaga kofi ya ce, "Mushe, ka ji wani ya riga mu gidan gaskiya." Shekaranjiya da safe na ce wa yaronsa ya kawo mini farantin ƙasan fitilar kafin a zubar. Na baje a kan takarda: shinge, ƙananan ƙwari masu ɓawo, malam-buɗe-littafin dare tuli. Sauro kuwa sai da na sa tabarau na tsinto 'yan ƙalilan. A daren kuma ƙafafunmu sun sha cizo har Alhaji ya aika a kawo masa safa.

Ba farantin Alhaji kaɗai ba ne. A 1996 wasu masana biyu a jami'ar Delaware ta Amurka, Frick da Tallamy, sun fitar da ƙidayar abin da irin fitilun nan suka kashe: ƙwari 13,789, masu cizo a ciki 31 kacal.

Abin da ke cikin fitilar shi ne hasken ultrabayolet. In ka dubi bakan gizo, daga ja ake farawa a ƙare a shuni. Bayan shunin akwai wani haske da idonmu ba ya kamawa, shi ne ultrabayolet ɗin, amma ƙwari da yawa suna ganinsa tar. Ƙudan zuma na ganin zane a jikin fure da ni da kai ba za mu taɓa gani ba. Ko dafifin da suke yi wa fitila ba soyayya ba ce. Wani bincike da ya fito a 2024 ya nuna ƙwaro mai tashi yana juya wa haske gadon bayansa ne don ya san ina ne sama, to in fitila ta zame masa sama sai ya yi ta kewaya ta har ya gaji.

Inda nake so mu tsaya shi ne nan: haske ba gani kawai yake ba ƙwaro ba, shi ke saita masa agogo. Ɗan ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba, wanda muke kora da bayan hannu, a kansa aka gano yadda agogon jikin halitta ke tafiya. A 1971 Konopka da Benzer suka samo ƙudajen da ranarsu ta gajarce zuwa awa 19, wasu ta kai awa 28, wasu kuma ba su da dare ba su da rana, duk saboda ƙwayar gado ɗaya. Waɗanda suka ƙarasa aikin, Hall da Rosbash da Young, su suka karɓi kyautar Nobel a 2017. A ƙwaƙwalwar ƙudan akwai ƙwayoyin jijiya wajen 150 masu riƙe da lokaci, a cikin da yawansu kuma akwai wani furotin, wato sinadarin jiki, mai suna kiriftokurom, mai jin shuɗin haske da ultrabayolet. Gari na wayewa hasken ya taɓa shi, sai ya sa a rushe wani furotin da ya taru cikin dare, agogo ya koma daidai. Kamar mai saita agogon hannunsa da kiran asalatu ne kowace safiya.

To sai tsufa ya shigo. Ƙudan nan wata biyu zuwa uku yake yi in ya samu kulawa, kuma tun yana da 'yan makonni barcinsa ke fara gutsurewa: ya ɗan runtsa, ya farka, ya yi gyangyaɗin rana. Duk mai tsoho a gida ya san wannan hali; Baba na tun ƙarfe uku yake tashi yana neman mai taya shi hira. A jami'ar jihar Oregon, Jadwiga Giebultowicz da abokan aikinta sun ga kiriftokurom yana raguwa a jikin tsofaffin ƙudaje, da suka ƙara musu shi kuma sai tsarin kwana da tashinsu ya ƙara ƙarfi. Su ne dai a 2019 suka ajiye ƙudaje ƙarƙashin shuɗin hasken LED awa 12 kullum, suka ga ransu ya gajarce, ƙwaƙwalwa ta lalace, har ga waɗanda aka haifa ba ido. Daga baya suka nuna tsofaffi sun fi matasa jin jiki. Ashe hasken da ke saita agogo, in ya yi yawa, shi ke cin mai agogon.

Ƙudan zuma ita tata daban ce, kuma tana ba ni dariya. Matasan da ke renon 'ya'ya cikin amya ba ruwansu da dare ko rana, aiki kawai. Sai sun kai mako biyu zuwa uku, sun fara fita neman fure, sannan agogonsu ke tsayuwa.

Me ya haɗa duk wannan da ƙofar gidan Alhaji? Sauro ma da agogonsa, kuma ba iri ɗaya ba ne. A 2020 ɗakin binciken Todd Holmes a Kaliforniya ya gwada iri biyu. Mai cizon rana, Aedes, matansa na bin haske da rana. Anofilis mai cizon dare, wanda ke kawo mana masassara, gudun ultrabayolet da shuɗin haske yake yi da rana. In dare ya yi kuma abin da ke jagorantar macen zuwa gare ka numfashinka ne, da ɗumin jikinka, da warin ƙafarka. Kana zaune kusa da fitila, kai ne tuwon, fitilar ado ce.

Sannan ba kowace mace ce mai kisa ba. In ta sha jinin mai ciwo, sai ƙwayar cutar ta yi kwana 10 zuwa 14 a cikinta kafin ta iso yawunta, sauro da yawa kuwa ba sa kai wannan lokaci. Wadda ke kwantar mana da yara a Agusta da Satumba tsohuwa ce, wadda ta tsallake tafi da hayaƙi da jemage. Shi ya sa nake ganin sange mai magani ya fi fitila goma. Ba sai ya kashe kowace sauro nan take ba. Ya isa ya hana ta tsufa. An kuma sha gani cewa tsohuwar sauro ta fi matashiya saurin faɗuwa ga maganin, ko a inda sauro ya fara yi masa taurin kai.

Wani zai ce ai ko ba komai fitilar na rage ƙwari. Tana ragewa, amma waɗanne? Ciki har da masu kai barbarar fure da masu cin 'yan'uwansu da ke ɓata shuka. Tarkon haske na da wurinsa: ma'aikatan gona na kafa shi don su san lokacin da uwar murzuna ta fara tashi, kafin 'ya'yanta su ci zangarniyar hatsi. Wannan aiki ne na mai ƙirga, ba na mai neman jin ƙas ba.

Na kai wa Alhaji takardar da ƙwarin a kai. Ya duba, ya juya su da tsinke, ya ce, "Mushe, jaka nawa na zuba, ka ce in cire?" Mun dai daidaita a kan ya mayar da ita bayan gida kusa da akurki, ya riƙa kashewa in za a kwanta. Hajiya kuma ta fito da sangen da aka raba bara, yana nan cikin ledarsa ko buɗewa ba a yi ba. Kaji dai tun jiya suke kalaci da shinge.