Yadda na kashe sensa ba ta ji ba ta gani ba

Motata mai shan dizal ce, kuma tana da turbo. Ranar nan ina hawa gada na taka totur har ƙasa, sai ta ƙi tashi, wani baƙin hayaƙi ya turnuƙe a bayana, fitilar injin ta kama. Mai keke ma ya wuce ni yana waiwaye.

Da ma ina da 'yar na'urar OBD mai karanto lambar matsalar mota, da ake cusawa ƙarƙashin sitiyari, wadda tun da na saye ta nake ji da kaina kamar injiniya. Na jona, ta nuna P0236. Na duba ma'anarsa: sensar da ke auna matsin iskar da turbo ke turawa cikin injin tana ba da lissafin da bai dace da abin da kwamfutar mota ke tsammani ba. Na ce shi ke nan, an kama ɓarawo.

Na kwance sensar, sai na ga bakinta ya toshe da baƙin kunkunniya da maiƙo, irin wanda EGR, wato bawul ɗin da ke mayar da wani ɓangare na hayaƙin salansa cikin injin, ke maidowa. Mai hankali feshin wanke kayan lantarki zai yi mata, ya bar ta ta bushe. Ni kuwa allurar ɗinkin uwargida na ɗauko, na zura cikin ramin ina sakata da ƙwazo. Har wani ɗan "ƙas" na ji, na ce alhamdulillahi, datti ya fita. Da na mayar, lambar ta koma P0237, wato siginar ta faɗi ƙasa warwas. Na sayo sabuwa na ɗaura. P0236 ta dawo, hayaƙi na nan yadda yake.

Dole na kai wa bakanike, ina ta zuba masa bayani. Bai tanka ba. Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da injin ba, ya nuna mini allon na'urarsa.

"Ka gani, Alhaji? Injin a kashe, dole sensa ta karanta matsin iskar waje, wajen 100 a ma'aunin matsi na kPa, ko ƙasa kaɗan in gari na kan tudu. Ga shi ta karanta daidai."

Ya sa mita a soket, volt 5 na zuwa, wayar as lafiya lau. Sai ya ce in tayar in ba ta wuta. Can muka ji wani "fuuu" kamar maciji ya fusata. Ya bi sautin da hannu har kan babban tiyon da ya fito daga intakula, mai sanyaya iskar turbo, ga maiƙo ya yi zobe a bakinsa, ga ƙarfen ɗaurin yana lilo.

"Iska a nan take gudu. Sensa gaskiya ta faɗa, matsin ne babu. Wa ya taɓa tiyon nan?"

A nan na tuna satin da ya wuce na kwance shi don in nuna wa maƙwabcina inda iskar turbo ke bi. Na ce, "Wataƙila girgizar hanya ce."

Ya ɗaure da sukudireba, minti biyu bai cika ba. Sannan ya karɓi tsohuwar sensar, ya ɗaga ta a rana, ya leƙa ramin da ido ɗaya.

"Alhaji, ita kuma wannan wa ya soke ta?"

Na ce ɓera ne. Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce lalle ɓeran nan ya iya riƙe allura.