Wa Ya Ce Ba A Doke Su Ba?

Duk lokacin da 'yan sanda suka jera 'yan dabar da ake kira 'yan shara ko masu ƙwacen waya gaban 'yan jarida a Kaduna, sai Facebook ya cika da magana guda: rashin duka ne ya lalata su, a jefa su gidan yari su ji a jikinsu. Wannan magana ta ishe ni.

Wa ya ce ba a doke su ba? A duba bayan yaran nan a ga tabo. Wani da bulalar kishiyar uwa ya buɗe ido, wani yana ɗan shekara bakwai aka sauke shi a tasha da ƙoƙon bara, wani a gabansa aka kashe mahaifinsa aka ƙone garinsu. Yaron da ya tashi cikin firgici jikinsa ba ya saki, kullum a ɗarare yake. Ka taka shi bisa kuskure, shi a wurinsa hari ne, sai ya zaro wuƙa kafin hankalinsa ya iso. Ƙwaya da sholisho kuwa, da yawansu barci suke nema da su. Wani bincike da aka yi a Amurka tsakanin 1995 da 1997 kan mutum sama da 17,000 ya nuna cewa iya yawan azabar da mutum ya sha yana yaro, iya ƙaruwar haɗarin faɗawarsa shaye-shaye da ciwon damuwa.

Mu mutanen Kaduna ma ba sai an kai mu Amurka ba. A Satumbar 2019 aka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, jiki duk shatin bulala. Iyaye ne da kansu suka kai da yawansu, wai a gyara musu hali. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Mun yi salati, mun yi Allah wadai, yau ga mu muna roƙon gwamnati ta yi irinsa da kaki.

Masu cewa ana nema wa mugu uzuri, ba wanda ya ce a sake shi. Wanda ya sari mutum ya girbi abin da ya shuka. Amma fa zai fito, kuma unguwarmu zai dawo.

A 2019 ɗin ne dokar tarayya ta sauya wa gidan yari suna ya koma gidan gyaran hali. Suna kawai. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, ɓarawon waya na kwana ɗaki guda da riƙaƙƙen ɗan fashi. Galibin abin da ake kira gyara bai wuce irin su kafinta da ɗinki da wa'azi ba. Dukansu suna da kyau, sai dai keken ɗinki ba ya hana mutum farkawa cikin dare yana ihu. Abin takaici, ga gidan horar da kangararrun yara na tarayya, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, duk a gari ɗaya. Me zai hana duk yaron da aka shigar likita ya zauna da shi, a tambaye shi abin da aka yi masa, ba abin da ya yi kaɗai ba?

Ɗaliban garin Kuriga na jihar Kaduna da aka sace a Maris na 2024 sun dawo, an ɗauki hoto da su, an watse. Yawancinsu da yardar Allah za su tashi lafiya. Amma ina son a faɗa mana wane ne ke zama da su yanzu, yana sauraron abin da suka gani a daji.