Direba, daƙiƙa nawa ce tsakaninka da na gabanka?

Jiya na shiga Sharon daga Bauchi zuwa Gombe, ina kujerar gaba. Muna wuce gadar Dindima direbanmu ya manne wa wata tirela, har ina karanta rubutun da ke jikin robar bayan tayarta. Na ce, "Malam direba, ɗan ja baya mana." Ya ce, "Haba Alhaji, ai ina ganinta." Wata Hajiya a baya sai salati take ƙasa-ƙasa.

Wannan "ina ganinta" ɗin ce ta hana ni barci. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 duk daƙiƙa. Kafin ido ya ga jar fitila, ƙafa ta bar totur ta koma birki, daƙiƙa guda ta wuce, ga wanda ya kwana a hanya ma ta fi haka. Ke nan ka ci mita 22 birki bai ko fara kamawa ba. Mu kuwa tsakaninmu da tirelar bai fi tsawon Sharon biyu ba, mita goma da ƙyar. Kuma fitilar birkinta ɗaya a mace take, ɗayar ƙura ta rufe.

Shi ya sa nake ganin auna tazara da ido yaudarar kai ce. Tazarar da ta ishe ka a cikin garin Bauchi, kana bin Keke Napep, ba za ta ishe ka a hanyar Alkaleri ba, don in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkawa. Da lokaci ake aunawa. Ka zaɓi turken wuta ko wata kuka a bakin titi. Da gindin motar gaba ya wuce ta, ka fara ƙirge a natse. In ka iso kafin daƙiƙa uku, ka matse da yawa. Ranar ruwa ko hazo, ka ninka.

Na gwada a wata bishiya, ko ɗaya ban gama furtawa ba muka wuce ta. Da na gaya masa sai ya yi dariya, wai in ya bar fili wani ne zai faɗa ciki. To ya faɗa mana, Gombe gudu za ta yi? Bai ja baya ba sai da tirelar ta sauka gefe don kanta.